Tarihin Alekzanda Humbolt, masanin halittu kuma matafiyi (1769-1859)

Yau tarihin wani Bajamushe muka kawo muku, mai suna Alekzanda fon Humbolt, wanda Turawa ke rubuta sunansa Alexander von Humboldt. A zamaninsa akan ce, in aka ɗebe Napoleyon, babu wanda sunansa ya kai nasa zagaya ƙasashen Turai. Sana'arsa nazarin halittu ce, wato binciken tsirrai da dabbobi da duwatsu da ruwa da iska, sa'an nan ya zauna ya rubuta labarin tafiyarsa da abin da ya gano. Yana cikin mutanen farko da suka rubuta a fili, da hujjar awo, cewa hannun ɗan Adam yana iya busar da ƙasa. Ko wannan kaɗai ya isa a san shi a nan inda muke.

An haife shi a Barlin ran 14 ga Satumba 1769. A lokacin Barlin ita ce babban birnin masarautar Purusiya, gama Jamus ba ta zama ƙasa guda ba tukuna. Ubansa hafsan soja ne, bafaden sarki kuma, ya rasu yaron yana da shekara 9. Uwarsa mace ce mai dukiya, mai tsanani, wadda ba ta cika sakin fuska ga ƴaƴanta ba. Wansa Wilhelm, da ya girme shi da shekara 2, shi ne mai kan karatu. Daga baya ya zama babban masanin harsuna, shi ne kuma ya tsara kafa jami'ar Barlin a 1810. Alekzanda kuwa malaman da ke koyar da su a gida sun ɗauke shi mai nauyin kai. Abin da ya fi so shi ne yawo cikin dajin gidansu na Tegel, ya cika aljihu da ganyaye da ƙwari da tsakuwa, har mutanen gida suka yi masa laƙabi da ƙaramin mai magani.

Uwar ta so ya zama babban ma'aikacin gwamnati, saboda haka aka tura shi koyon sha'anin kuɗi da mulki. Amma da ya shiga jami'ar Gotingen a 1789 sai zuciyarsa ta karkata ga ilimin halittu. Ta nan ya san Jorj Forsta, wanda ya taɓa zagaya duniya cikin jirgin Kyaftin Kuk, a 1790 kuma suka bi kogin Rin tare, suka ƙetara Ingila, suka komo ta Paris ana tsakiyar zumuɗin juyin juya hali. Daga wannan tafiya ƙishin ganin ƙasashe masu nisa ya kama shi. Domin kada ya saɓa wa uwarsa, sai ya zaɓi hanyar da za ta haɗa aikin gwamnati da kimiyya: ya shiga makarantar haƙar ma'adinai ta Faraibag a 1791, shekara ta zagayo aka naɗa shi mai duba mahaƙai.

Wannan aiki na shekara biyar ba a cika ambatonsa ba, alhali kuwa a nan halinsa ya fara fitowa. Ya tarar mahaƙa suna mutuwa cikin ramuka saboda gurɓatacciyar iska, sai ya ƙera musu fitila wadda ba ta saurin mutuwa a wurin da iska ta yi ƙaranci, da wani abin numfashi na ceton wanda ya suma. A kansa ya gwada fitilar, har wata rana ya faɗi sumamme cikin rami, sai da aka jawo shi waje. Ya kuma lura yawancinsu suna aikin ne da ka, ba da sani ba. A 1793 ya buɗe musu makaranta a ƙauyen Steben da kuɗin aljihunsa, ana koya wa matasan mahaƙa karatu da rubutu da lissafi da sanin duwatsu, shi da kansa ya tsara abin da za a koyar. Yana da shekara 24 ke nan.

A watan Nuwamba 1796 uwarsa ta rasu, ya gaji dukiya mai yawa. Bai jira ba, ya ajiye aikin gwamnati, ya shiga sayen kayan awo mafi kyau da ake ƙerawa a Turai, yana koyon aiki da su. A Paris ya haɗu da wani matashin Bafaranshe, likita kuma masanin tsirrai, Eme Bonplan, ɗan garin La Roshel, suka ƙulla abota. Niyyarsu ta fari Afirka ce: sun sauka Marsai suna jiran jirgin da zai ƙetara da su Afirka ta Arewa, daga can su nufi Masar. Yaƙe-yaƙen Napoleyon suka toshe hanyar. Sai suka juya Sipaniya, a Madrid kuma Humbolt ya sami abin da ba a saba ba baƙo ba, wato takardar izini daga sarki Karlos na huɗu ta shiga duk ƙasashen Amurka da Sipaniya ke mulka. Sipaniya ta yi shekara 300 tana ɓoye waɗannan ƙasashe daga idon sauran Turawa. Abin da ya sauƙaƙa lamarin, mutumin ya san ma'adinai, kuma shi zai biya kuɗin tafiyarsa.

Ran 5 ga Yuni 1799 jirginsu mai suna Pizaro ya tashi daga La Korunya. Cikin kayansa akwai na'urorin awo fiye da 40, kowace cikin akwatinta: ma'aunin zafi, ma'aunin nauyin iska wanda da shi ake gane tsawon dutse, agogo mai tsananin daidaito, madubin hangen taurari, har da wani abu na gwada shuɗin sararin sama. Zazzaɓi ya ɓarke cikin jirgin, saboda haka maimakon su zarce Kuba sai suka sauka a Kumana, a gaɓar ƙasar da ake ce wa Benezuwela yau, ran 16 ga Yuli. Cikin watanni huɗu da suka yi a wannan yanki ya ji girgizar ƙasa karon farko a rayuwarsa, ya ga taurari suna zubowa kamar ruwa a wani dare na Nuwamba, ya rubuta lokacin kowane abu. Masaukinsu kuwa yana kallon kasuwar bayi. Ya ga ana shafa wa ƴan Afirka man kwakwa don jikinsu ya yi ƙyalli, masu saye suna buɗe musu baki suna duba haƙora kamar a kasuwar dawaki. Wannan gani bai bar shi ba har ya mutu.

Tafkin da ke janyewa

A watan Fabrairu 1800 suka bar Karakas suka nufi yamma, suka sauka kwarin Aragwa, inda tafkin Balansiya yake. Duwatsu sun kewaye tafkin, ƙoramu suna zuba a ciki amma babu wadda ke fita. Kwarin yana cikin wurare mafi albarka a ƙasar, cike da gonakin baba da rake da auduga da taba, bayi ne ke noma yawancinsu. Mutanen wurin suka gaya masa ruwan tafkin yana ta ja da baya shekara da shekaru. Wuraren da dā tsibirai ne sun zama tuddai a kan tudu, inda ake tuƙa jirgi an mai da shi gona. Su a ganinsu akwai wani rami a ƙarƙashin tafkin da ke zurare ruwan zuwa teku.

Humbolt bai karɓi wannan magana ba. Ya auna zafin ruwan da na iska, ya yi lissafin abin da rana ke shanyewa, ya duba irin ƙasar da ruwan ya bari a baya, ya bi ƙoramun, ya tambayi tsofaffi yadda gangaren duwatsun yake a dā. Abin da ya tarar kashi biyu ne. Na farko, masu gonaki sun karkatar da ƙoramu suna ban ruwa, saura kaɗan ke isa tafkin. Na biyu, wanda shi ya fi nauyi, an sare dazuzzukan da ke kan gangaren domin faɗaɗa gonaki da neman itace. Ya bayyana cewa itatuwa suna yi wa ƙasa inuwa, ganyayen da suka zuba da ciyayin da ke ƙarƙashinsu suna riƙe ruwan sama har ya nutse a hankali, ya riƙa fitowa ta idanun ruwa duk shekara. In aka sare su, rana takan bugi ƙasa kai tsaye, idanun ruwa su ƙafe ko su rage, ruwan damina kuma ya gangaro gaba ɗaya da ƙarfi, ya kwashe ƙasa mai kyau, ya tsaga kwazazzabai, ya yi ambaliya kwana ɗaya, sa'an nan ƙorama ta koma yashi. Ya yi gargaɗin cewa masu wannan sara suna tanada wa jikokinsu wahala biyu, rashin itace da rashin ruwa.

Manomin da ya taɓa ganin kwari ya raba gonarsa biyu bayan ruwan dare ɗaya ba ya bukatar a fassara masa wannan bayani, kuma babu shakka akwai manoman Aragwa da suka lura da haka kafin baƙon ya zo. Abin da Humbolt ya ƙara shi ne awo da rubutu, da kuma haɗa abubuwan da mutane ke kallo daban-daban. Ya nuna ruwan tafki yana da alaƙa da itacen gangare, itacen yana da alaƙa da gonar baba, gonar baba da kasuwar Turai mai neman shuni, kasuwar kuma da bawan da aka sayo. Ya lura baba yana gajiyar da ƙasa fiye da sauran shuke-shuke, kuma ƙasar da ta ba da ƙarfinta ga noman sayarwa waje takan wayi gari tana sayen abincinta.

Bayan shekara ashirin da ƴan kai wani masanin Faransa, Busango, ya je wurin, ya tarar ruwan ya fara dawowa: yaƙin neman ƴancin kai ya watsa manyan gonaki, daji ya sake tsirowa. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 kuwa abin ya juye, ruwan da ake jawowa daga wani kwari domin amfanin garuruwa yana ƙarewa cikin tafkin, har ya cika ya shiga unguwannin birnin Marakai. Sau uku ke nan ruwan yana sauya hali, kowane karo da hannun mutum a ciki.

Daga Aragwa suka shiga filayen Yanos, makekiyar ƙasar makiyaya mai zafi. A Kalabozo ya nemi a kamo masa wani dogon kifi mai kama da maciji wanda ke jan mutum da wutar lantarki, irin minjirya amma ya fi ta ƙarfi nesa. Mutanen wurin suka koro dawaki da alfadarai wajen 30 cikin kududdufi, kifayen suka yi ta jansu har ƙarfinsu ya ƙare, sa'an nan aka kama su. Dawaki biyu suka nutse. An daɗe ana zaton ya ƙara gishiri a wannan labari, sai a 2016 wani masanin Amurka ya nuna cewa lalle kifin yakan yi tsalle daga ruwa ya manne wa abin da ke barazana gare shi.

Sa'an nan suka shiga kwale-kwale. Akwai tsohuwar gardama tsakanin masu zanen taswira a Turai game da ko kogin Orinoko yana haɗe da Amazon. Masana da yawa sun ce ba zai yiwu manyan koguna biyu su haɗu ta wani reshe ba. Mutanen ƙasar da limaman mishan sun san akwai wannan reshe, sunansa Kasikiyare, tsawonsa ya haura kilomita 300. Humbolt da Bonplan suka bi shi a watan Mayu 1800, yana auna matsayin kowane wuri da taurari, ya sa shi a taswira yadda babu sauran musu. Sun yi fiye da kilomita 2,000 a kan ruwa, cikin sauro da ya hana su ko rubutu, da kadoji, abinci ya ƙare har suka koma cin garin koko. Damisa ta ɗauke karensu. A Esmeralda ya zauna wurin wani tsoho ya ga yadda ake dafa dafin kibiya da ake kira kurare, har ya ɗanɗana, gama an tabbatar masa ta jini yake kisa ba ta ciki ba. Da suka fito Angostura zazzaɓi ya kwantar da su duka biyu, Bonplan ya kai bakin kabari kafin ya farfaɗo.

A kan dutsen Cimborazo

Bayan sun taɓa Kuba suka komo babban yankin a 1801, suka hau kogin Magdalena zuwa Bogota, inda tsohon masanin tsirrai Mutis ya buɗe musu taskarsa, sa'an nan suka bi duwatsun Andes zuwa Kito. A mashigin Kindiyo al'ada ce matafiyi mai hali ya hau kujera a bayan ɗan dako. Humbolt ya ƙi, ya taka da ƙafarsa har takalmansa suka yayyage.

Ran 23 ga Yuni 1802 suka tasar wa Cimborazo, tsohon dutse mai aman wuta, wanda a lokacin Turawa ke zaton ya fi kowane dutse tsawo a duniya. Tsawonsa ya haura mita 6,200, wato ya ninka ƙololuwar Bagzan sau uku. Ƴan dako suka tsaya a inda dusar ƙanƙara ta fara. Mutum huɗu suka ci gaba: Humbolt, Bonplan, wani saurayi ɗan Kito mai suna Karlos Montufar, da baransu Hose mai ɗauke da ma'aunin nauyin iska. Wani wurin rarrafe suke yi a kan siririn doron dutse, rami hagu rami dama, jiri yana ɗibarsu, dasashi da leɓe suna zubar da jini. Duk da haka yakan tsaya, ya fito da na'ura da daskararrun yatsu, ya auna, ya rubuta. Wani babban tsagi ya tare su, bisa lissafinsa a wajen mita 5,900. Ba a san wani Bature da ya taɓa kai wannan tsawo ba a sa'an nan, ko da yake an gano daga baya mutanen Inka sun hau duwatsun da suka fi haka ɗaruruwan shekaru kafin zuwansa.

Ribar wannan hawa ita ce wani zane. Ya zana dutsen kamar an yanka shi gida biyu, ya rubuta sunayen tsirrai kowane a tsawon da yake fitowa, daga itatuwan kwakwa da ayaba na gindin dutse, zuwa dazuzzukan tsakiya, zuwa ciyawa, har gansakukar da ke manne da dutse kusa da ƙanƙara. A gefe kuma ya jera zafi da laima da nauyin iska na kowane mataki. Ma'anar ita ce, mai hawa dutse a ƙasar zafi kamar mai tafiya ne daga tsakiyar duniya zuwa ƙasashen ƙanƙara, kuma tsiro ba ya fitowa inda ya ga dama, yanayi ne ke yanka masa wuri. A 1807 zanen ya fito tare da littafinsa na labarin ƙasa na tsirrai. Da yake ya rubuta lambobi, ana iya komawa a gwada. Masana sun hau waɗannan duwatsu na Ekwado a ƙarnin nan, suka tarar tsirrai da dama sun ƙaura sama da ɗaruruwan mita, ƙanƙara kuma ta ja baya, saboda ɗumamar duniya.

Sauran tafiyar za mu taƙaita. A Loha ya ga yadda ake ɓare itacen da ake samun kinin daga ɓawonsa ba tare da dasa wani ba, ya yi gargaɗi. A gaɓar Peru ya aika da kashin tsuntsayen teku zuwa Turai aka gwada, aka tarar taki ne mai ƙarfi, abin da manoman ƙasar suka sani tun kaka da kakanni. Ya auna sanyin igiyar ruwan da ke bin wannan gaɓa, wadda yau ke ɗauke da sunansa, ko da yake shi da kansa ya ce masunta sun riga shi saninta. Ya shekara a Meziko yana shiga mahaƙan azurfa yana tonon takardun gwamnati, ya biya Washinton ya gana da shugaba Jefason, ya sauka Bordo a farkon Agusta 1804. Shekara biyar da wata biyu ke nan. Sun komo da busassun tsirrai wajen 60,000, na iri kusan 6,000, fiye da 2,000 daga ciki masanan Turai ba su san su ba.

Tafiyar ta ci shekara biyar, rubuta ta ya ci fiye da ashirin. Ya zauna Paris, da Faransanci kuma ya rubuta yawancin aikin, wanda ya kai manyan littattafai wajen 30, da taswirori da zane-zane masu launi fiye da dubu. Shi ya biya masu zane da masu ɗab'i, har gadon ya ƙare ƙaf. An ce shi kansa bai mallaki cikakken jerin littattafan ba saboda tsadarsu. A 1817 ya fito da dabarar ja layi a taswira tsakanin wuraren da zafinsu yake daidai, wadda masu hasashen yanayi ke aiki da ita har yau. Labarin tafiyar tasa ne Carls Darwin ya karanta yana saurayi, ya tafi da shi cikin jirgin da ya zagaya duniya da shi daga 1831.

A littafinsa kan tsibirin Kuba, na 1826, ya keɓe babi guda ga bauta. Ya kawo lissafin ƴan Afirka da aka shigar da waɗanda suka mutu a gonakin rake, ya ce babu mugunta da ta kai wannan cikin abin da ya sami ɗan Adam, kuma bai yarda akwai jinsin da aka halitta sama da wani ba. Gwamnatin Sipaniya ta hana littafin shiga Kuba. A 1856 wani Ba'amurke mai goyon bayan bauta ya fassara shi ya cire wannan babi. Humbolt, yana da shekara 86, ya fito cikin jarida ya tona asirinsa, ya ce babin da aka cire ya fi masa duk sauran littafin. A 1857, da matsawarsa, Purusiya ta yi dokar cewa duk bawan da ya taka ƙasarta ya zama ɗa.

Amma fa kada mu wanke shi tas. Ba domin matuƙan kwale-kwale da ƴan jagora na ƙasar ba, da bai fito daga dajin Orinoko da rai ba, kuma sunayen kaɗan daga cikinsu ne suka shiga littattafan. Akwai wani masani ɗan Kolombiya, Faransisko Hose de Kaldas, wanda shi ma yake nazarin yadda tsirrai ke sauyawa bisa tsawon dutse. Sun zauna tare a Kito, ya roƙi a tafi da shi, Humbolt ya ƙi, kuma yabon da ya yi masa a rubuce bai kai abin da ya cancanta ba. Bayanan Meziko da ya miƙa wa Jefason hannu sake sun amfani ƙasar da ta zo ta ƙwace rabin Meziko bayan shekara arba'in da ƴan kai. Shi ilimi yake rabawa, masu karɓa kuwa da nasu nufin.

Da kuɗi suka ƙare dole ya koma Barlin a 1827, ya zauna a fadar sarki yana cin albashin bafade, mutumin da zuciyarsa ke tare da masu neman ƴanci. A wannan hunturu ya yi abin da ba a saba gani ba. Bayan laccocinsa na jami'a, ya buɗe wasu 16 a wani babban zaure, kyauta, kowa ya zo. Ƴan sarki da masu sana'ar hannu da mata, waɗanda a lokacin ba a karɓarsu a jami'a, suka cika wurin suna sauraron bayanin taurari da duwatsu da teku cikin harshen da suke ganewa.

A 1829, yana da shekara 59, sarkin Rasha ya gayyace shi duba ma'adinan ƙasarsa. Ya yi wajen kilomita 15,000 cikin keken doki, ya ƙetare duwatsun Ural, ya kai iyakar Sin, ya komo ta tekun Kaspiyan. Ya ce za a sami lu'ulu'u a Ural, aka kuwa samu. Sai dai an gindaya masa sharaɗi kada ya ce kome game da halin da talakawan Rasha ke ciki, waɗanda zamansu bai fi na bayi da yawa ba, ya kuma kiyaye sharaɗin. Cikin littafin da ya fito daga wannan tafiya a 1843 ya lissafa hanyoyi uku da mutum ke sauya yanayi: sare dazuzzuka, karkatar da ruwa, da tururi da hayaƙin da ke tashi daga wuraren masana'antu.

Shi bai taɓa taka babban yankin Afirka ba, amma hannunsa ya iso nan ta wata hanya. Ɗabi'arsa ce ya tallafa wa matasan masana da wasiƙa da kuɗi da faɗa a fada. Hainrik Bart, wanda kakanninmu suka sani da suna Abdul Karim, almajirin Karl Rita ne, abokin Humbolt, kuma Humbolt yana cikin manyan Barlin da suka mara masa baya. Bart ya shiga Agadas a 1850, ya bi ta Tasawa zuwa Katsina da Kano a 1851, ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852, ya ƙetare kogi a Sayi a 1853. Wanda ya duba yadda yake rubuta sunan kowace rijiya da kowane itace da farashin kasuwa da kalmomin harshe zai ga makarantar da ya fito.

Shekarunsa na ƙarshe ya ba da su ga wani littafi mai suna Kosmos, inda ya so ya tara bayanin duniya duka, daga taurari har gansakuka, cikin aiki guda. Kashi na farko ya fito a 1845, aka yi rububinsa, aka fassara shi harsuna da yawa. Barcinsa kaɗan ne, wasiƙu kuwa dubbai suke zuwa masa kowace shekara, yana amsa yawancinsu da hannunsa, har a farkon 1859 ya sa sanarwa a jarida yana roƙon jama'a su rage, ya sami sararin aiki. Bai yi aure ba. Abin da ya rage masa na littattafai da kayan ɗaki ya riga ya rubuta wa baransa Zaifat, wanda ya yi masa hidima fiye da shekara 30.

Bonplan ya riga shi da shekara guda. Shi ya koma Amurka ta Kudu tun bayan faɗuwar Napoleyon, mai mulkin Paragwai ya tsare shi kusan shekara 10, ya rasu a Ajantina a 1858, suna musayar wasiƙa har ƙarshe. Humbolt ya aika wa mai ɗab'i wasu shafuka na Kosmos a watan Afrilu 1859, bayan kwana biyu ya kwanta. Ya rasu ran 6 ga Mayu, saura wata huɗu ya cika shekara 90. Gwamnati ta yi masa jana'iza irin ta manya, aka binne shi a Tegel kusa da wansa. Kashi na biyar na littafin, wanda bai gama ba, ya fito a 1862.